Da goyo a baya, da baiti a kai

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina leƙe ina karanta abin da kuke rubutawa, ban taɓa tofa komai ba. Yau dai na ajiye kunya.

'Ya'yana huɗu: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, sai 'yan biyu da ban yaye ba. Maigida direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare ya kai Njamena ta Kusiri. In ya ɗaga, sai mu yi kwana goma ko sati biyu ba mu sa shi a ido ba. Gidan duk a kaina yake. To tun watan jiya wani abu ya same ni. Ina cikin wanke-wanke ko shanya sai in ji magana tana jeruwa a kaina kamar waƙa. Kafin in lalubo bik da takarda, Hassan ya ja mini zane, Husaini ya kifar da ruwa, abin ya gudu. Jiya dai na kama wannan a bayan kayen lissafin 'yata, wato littafinta na makaranta:

Na tashi da asuba ban ga haske ba,
Tukunya na jira, yaro na kuka,
Ruwa bai zo a famfo ba tun jiya,
Ni kuma zuciyata tana Binuwai.

Lekol ɗin Faransanci na yi, Hausa a baki kawai na iya ta. "Toukounya" ma na rubuta, ƙanwar maigida ce ta gyara mini. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, wannan waƙa ce ko sambatun gajiya? In kuma waƙa ce, mai huɗu ta ina take samo lokacinta?

Uwargida ta Kusiri:
Wa alaikumus salam. Sannu da fama 'yar'uwa. Ni shawarata ba ta da daɗin ji: mai 'yan biyu a zafin Garwa na watan Maris, in kika samu minti goma ki shimfiɗa tabarma ki miƙe bayanki. Waƙa ba ta gudu. Ki bari ki yaye su.

'Yar Dang (Gaundare):
Haba Yaya! In ta yaye su wani cikin ne zai zo, in wannan ya tashi sai aurar da babbar. Yaushe mace take gama aiki? Maman Biyu, ɗangon nan naki na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Jiki yana gaban murhu, zuciya tana bakin kogi. Ki ci gaba kawai.

Malam Mai Allo (Marwa):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, kin nemi gaskiya, to ga ta. Abin da kika kawo yana da ma'ana, yana da hoto, amma a ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa bai cika waƙa ba tukuna. Garin tuwo ne mai kyau, ba a tuƙa shi ba.

Abu biyu suka rage. Na farko amsa-amo, wato gaɓar da baitoci ke ƙarewa da ita. Naki sun ƙare da ba, ka, ya, wai, kowa ya kama gabansa. Na biyu kari, shi ne awon da ke sa ɗango ya yi daidai da ɗan'uwansa in an rera. Gaɓar Hausa iri biyu ce a kunne: marar nauyi kamar "da", da mai nauyi kamar "nan" ko "kai" ko wadda aka ja wasalinta. Yadda aka jera su shi ne kari. Malaman Larabci suna lissafa karuruwa 16 a ilmin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmadu mutumin Basra ya assasa, mawaƙanmu kuma sun ari da yawa daga ciki, irin su Kamil da Basiɗ da Mutaƙarab da Rajaz. Ki fara da ƙwar biyu, baiti mai ɗango biyu, ki zaɓi gaɓa ɗaya ki riƙe ta har ƙarshe. Ƙwar biyar ki bar ta sai gaba.

'Yar Dang (Gaundare):
Allah gafarta Malam, mace ta ce ba ta da minti biyar, kai kuma ka ɗora mata karuruwa 16? Irin wannan ne ke korar mata daga rubutu. A nan jami'a muna yin slam, wato waƙar da ake furtawa a gaban taro, da Faransanci da Fulatanci har da Hausa, babu mai ƙirga gaɓa, kuma ɗaki yana cika. A Njamena ma abin ya karɓu sosai. Waƙa ai abin da ke zuciya ne.

Malam Mai Allo (Marwa):
Abin da ke zuciya kuka ma yana fitar da shi, 'yata, amma ba a kiransa waƙa. Ban ce ta haddace 16 ba. Ɗaya na ce ta kama.

Hajiya Babba (Gaundare):
Ku dakata in sa baki, jikata ce ke danna mini, ni ina faɗa.

Maman Biyu, tambayar lokaci da kika yi ta ba ni dariya, ba dariyar raini ba. Mu da muka tashi kafin injin niƙa ya cika unguwanni, ba mu san wani lokacin waƙa daban da lokacin aiki ba. Uwata in ta durƙusa gaban dutsen niƙa, waƙa take har ta gama tiya. Ta yi wa iyayenta kirari, ta yi wa kishiya zambo, ta tuna garinsu. Wasu baitocin gado ne, wasu a nan take ƙaga su. In mata uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya ce ke ba su awo, wadda ta kuskure awon kuwa taɓaryarta ce za ta karo da ta 'yar'uwarta. Ga waƙar raino, ga ta gaɗa. Duk babu alƙalami. Da inji ya zo ya hutar da bayanmu, alhamdu lillahi, amma ya tafi da waƙoƙin.

To abin da nake so ke da 'yar jami'ar nan ku gane: karin da Malam ke faɗa ba kaya ba ne da za a ɗora miki. Igiya ce. Kin ce baiti yana zuwa ya gudu kafin ki samu bik. Don ba shi da awo ne yake gudu. Magana sake ba ta zama a ka. Amma in tana da kari, kina iya maimaita ta sau ashirin kina tuƙin tuwo, ta kwana a kanki, gobe ki same ta inda kika bar ta. Ba ki ga yadda tsofaffin da ba su iya karanta ko harafi ba suke riƙe Ishiriniya a Mauludi? Ko gime na Fulatanci da iyayenmu ke rerawa a nan Adamawa, waƙoƙin wa'azi masu tsawon gaske, mace tana kaɗi tana jan su ba ta tuntuɓe? Awon ne ya riƙe musu.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa 1793 ta rasu 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi waƙa, kuma matar aure ce mai 'ya'ya. Me ya sa ta zuba karatu cikin waƙa ta ba jajis, matan da take turawa koyarwa, su kai ƙauyuka? Don ta san matan da za su karɓa hannunsu ba ya zama banza.

Uwargida ta Kusiri:
Hajiya, a gafarce ni, amma kullum aka taɓa zancen mata da rubutu sai a kawo Nana Asma'u. 'Yar Shehu ce, matar Waziri Giɗaɗo ce. Ba na jin ita ke bin layin famfo da jarka.

Hajiya Babba (Gaundare):
Kin yi gaskiya, ba ita ke bi ba. Amma 'Yan Taru da ke zuwa wurinta fa? Matan ƙauye ne, masu daka da ɗiban ruwa. Su suka haddace, su suka kai gaba. Da babu su, da waƙoƙin sun tsaya a cikin gafaka. Ni da su nake kwatanta Maman Biyu, ba da Nana ba.

Malam Mai Allo (Marwa):
Hajiya ta faɗi abin da na kasa faɗa. In ƙara da misali ɗaya. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai riƙe alƙalami ba. A ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta. Kuma Imfiraji da ake ji da ita, a kan karin caji ya gina ta, wato kiɗan da jama'a ke rawa da shi, ba daga littafin aruli ya ɗauko ba. Saboda haka 'yata, ko waƙar rainon da kike yi wa 'yan biyu in kina jijjiga su, ki cire kalmominta ki zuba naki a kan muryar. Kin samu kari ke nan ba tare da kin san sunansa ba.

Tela Mai Raino (Njamena):
Salamu alaikum. Ni namiji ne amma zancen nan nawa ne. Maiɗakina ungozoma ce, wani satin da dare take aiki, wani satin da rana. Ni kekena a zaure yake, don haka yara uku a hannuna suke wuni. Ni ke kai su makaranta a moto, ni ke ɗumame, har kitson ƙaramar na iya kwancewa. An daɗe ana kirana mijin Hajiya a majalisa, har na daina jin zafi.

Shekara biyu ke nan ina rubutu. Abin da ya sa na fara: yarana sun fi sakin baki da Larabcin Cadi, a makaranta kuma Faransanci. Hausa sai in na yi musu tsawa. Sai na fara ƙaga musu 'yan baitoci na wanka da na cin abinci, suka kama kamar wasa.

Dabarata ga ta, Maman Biyu. Ki daina neman bik. Wayar da ke hannunki tana ɗaukar murya. Ki buɗe WhatsApp ki riƙa tura wa kanki, daƙiƙa goma ta isa ɗango ɗaya. Da dare in sun yi barci ki saurara ki kwafe a kaye. Kaye ɗaya tak, ki rataye shi a ƙusa inda hannun yara ba ya kai, don nawa na farko ƙaramin ya jiƙa shi a bahon wanka. Kada kuma ki dogara da waya kaɗai, ranar da kuran ya ɗauke kwana biyu ko wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ni ƙafar keke ce turmina. In ina taka ta, baiti ko dai ya hau ko ya faɗo.

Ɗan Autan Zaure (Marwa):
Tela, kai da goyo ma kake yi? 😂

Tela Mai Raino (Njamena):
Da majanyi ma kuwa. In ka yi aure ka zo in koya maka ɗaurin.

'Yar Dang (Gaundare):
Kan batun rubutu, Maman Biyu, ba ke kaɗai ba ce. Duk wanda ya yi lekol a Kamaru ko Cadi haka hannunsa yake zamewa. Ki riƙe waɗannan: inda Faransanci ke sa ou, Hausa u take sawa. Tch ya koma c, wato ciki ba tchiki ba. Dj ya koma j. Ch ya koma sh. Sai masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda in kin bar su ma'ana ta canja: kafa daban, ƙafa daban, haka dari da ɗari. A Gboard ki ƙara harshen Hausa, suna nan a ciki. Wanda ya san Fulatancin boko ma ya riga ya saba da ɓ da ɗ.

Hajiya Babba (Gaundare):
In ta yi allo, ta rubuta da ajami ta huta. A ajami ana ganin wasali mai ja da ido, alif da wawu da ya suna nuna shi. Boko kuwa ya ɓoye shi, fari na launi da fari na "ɗan fari" duk rubutu ɗaya. Mai ƙirga kari ajami ya fi yi masa gata.

Ɗan Autan Zaure (Marwa):
Anti, na taimaka miki na gyara ta gaba ɗaya, ga shi:

Ya ke zinariya hasken idaniya,
Tauraruwa mai haskaka duniya,
Haƙurinki ya zarce na dubun ɗiya,
Aljanna ce makomarki gaskiya.

Amsa-amo ya zauna ko bai zauna ba, Malam?

Malam Mai Allo (Marwa):
Amsa-amo ya zauna, waƙar ce ta tashi. Ina tukunyar? Ina famfon? Ka kwashe kayan ɗakinta ka zuba na kanti.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Na gode ƙanena, amma ni ba zinariya ba ce, hannuna duk kanta ce. 😄 Ka ajiye wa budurwarka. Jama'a na karanta komai, wasu sau biyu. Ku ba ni kwana biyu.

Uwargida ta Kusiri:
Tunda kin ƙi jin shawarar barci, to ki ji wannan, don ni na ɗebo da zafi. Shekarun baya na taɓa ɗora 'yan layuka a status, kan tukunyar da ke dafa wa kowa amma ita ke shan baƙin hayaƙi. Wallahi ban nufi kowa ba, ko in ce ban nufi kowa sosai ba. Kafin la'asar abokiyar zamana ta gani, ta tura wa ƙannen maigida, kafin magariba magana ta kai gun surukata. Aka ce na yi wa gida habaici a idon duniya. Sai da aka yi zaman sulhu a kaina. A garuruwanmu kowa ya san kowa, ki ce "famfo bai kawo ruwa ba" a ce kin ce mijinki ya gaza. Ki rubuta abin da kike so a kayenki, amma abin da za ki fitar ki auna shi sau uku. Kuma maigida ya fara ji daga bakinki, kada ya ji a tasha.

Hajiya Babba (Gaundare):
Wannan magana ce. Waƙar niƙa ma ai habaicin ne rabinta, sai dai ita iska ke kwashe ta, babu mai ɗaukar hotonta ya tura wa suruka.

'Yar Dang (Gaundare):
To in mace ba za ta faɗi abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya ba, me ya rage? Yabon miji da wa'azin haƙuri? Waɗannan ai maza sun rubuta mana su har sun yi yawa.

Uwargida ta Kusiri:
Ƙanwata, ke a ɗakin kwanan ɗalibai kike kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Autan Zaure (Marwa):
Ni tambayata, ya halatta ma mace ta rera a ji muryarta?

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Auta, wannan ƙofar mun taɓa buɗe ta, sai da muka kwana uku ba mu rufe ba. Mai wannan tambaya ya kai wa malaminsa. Baiwar Allah rubutu ta ce tana yi. A ci gaba.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Salamu alaikum, na dawo. Kwana biyun sun zama biyar, Husaini ya yi zazzaɓi, amma ya warware alhamdu lillahi. A layin asibiti ma na samu ɗango ɗaya. Na bi maganar Hajiya da Malam, na ɗauki muryar da nake jijjiga su da ita na yi ta zuba kalmomi, wadda ta ƙi hawa in sauke ta. Na kuma bi ta Tela, wayata yanzu cike take da muryata da kukan yara a baya. Ga abin da ya tsaya:

Tukunya tana nan tana son wuta,
Ruwan nan na famfo yana ƙin fita.

Da goyo a baya, da baiti a kai,
Idan ban riƙe shi ba sai ya ɓata.

Yaya ta Kusiri, maigida ya sauka shekaranjiya, na karanta masa. Ya yi shiru, can ya ce wai famfon ai ba laifinsa ba ne, duk unguwa ne. Kin ga maganarki ta fito tun a ɗaki. Amma da zai koma ya ajiye mini kaye sabo mai bango mai tauri, bai ce komai ba.

Malam Mai Allo (Marwa):
Masha Allah! Ku saurara ku ji: tu-kun-ya, ta-na-nan, ta-na-son, wu-ta. Marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, haka har ƙarshe. Wannan shi ne Mutaƙarab, 'yata, kin hau shi ba ki san sunansa ba. Amsa-amonki "ta", ki riƙe shi a ƙarshen kowane baiti, kuma ki guji maimaita kalma ɗaya kusa-kusa. Gyara ɗaya: ruwa fitowa yake, ba fita ba. Amma larurar waƙa ce, manya ma suna yi, na yafe.

Tela Mai Raino (Njamena):
Na gwada shi a ƙafar keke, ya hau daram. Ƙaramata har ta kama "da goyo a baya".

'Yar Dang (Gaundare):
Ya yi daɗi a kunne, ban musa ba, har na iske kaina ina maimaitawa a hanyar aji. Amma ina Binuwai? Ɗangon da ya fi kowanne rai shi aka yanka don a cika awo. Abin da nake tsoro ke nan tun farko, Malam.

Malam Mai Allo (Marwa):
A nan kam kin kama ni. Ni ma na neme shi ban gani ba.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Ban yar da shi ba. Babana masunci ne, a kusa da gada muka tashi. Da rani in ruwa ya ja baya, yashi ya fito, can muke wanki mu shanya a kan rairayi, wani lokaci mu hango dorina ta ɗago kai daga nesa mu watse da ihu. Yanzu daga gidana zuwa bakin kogin ko dala arba'in ta moto ba ta kai ba, amma rabona da shi tun ina da cikin 'yan biyu. Shi ya sa na ƙi cusa shi da ƙarfi. Na juya kalmar ta kowace fuska ta ƙi zama, kuma dole baitin ya ƙare da "ta". Ɗangon farko na baiti na uku dai ya zo ɗazu ina kwashe tuwo:

Da waƙa a baki, da mara a hannu,

Na biyun shi ne na kogin, bai iso ba tukuna. Ɗan Auta, na roƙe ka da girman Allah kada ka cika mini. Hassan ya farka, sai anjima.